Barka da Sallah daga Holan, da saƙo ga Auta

Assalamu alaikum Baba da Umma,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Na san yanzu Baba yana ramakon barci bayan dare goma a kan keke, da fatan kowa ya karɓi ɗinkinsa lafiya. Nan Utrecht ba a ba da hutun Sallah, sai da na cire kwana guda daga hutuna na shekara. Mun yi idi a wani masallacin Turkawa. Da liman ya fara kabbara, gida kawai nake gani: Umma a tsugune gaban tanda, layinmu duk ƙamshin masa.

Umma, kin ce Auta ya kwana cikin ɓacin rai saboda aikin makaranta. Na saurari saƙonsa har sau biyu. Auta, matso kusa, da kai nake.

Abin da ka buɗe sunansa Vim, manhajar rubutu da gyara fayil ce a kwamfuta. Ka yi ta danna haruffa ba su fito ba, ka nemi hanyar fita ka rasa, har ka kashe kwamfutar. Ba rashin kai ba ne. Manhajar ce ba ta tarbar baƙo, kuma ba zan wanke ta a kan wannan ba. Hali biyu gare ta. Da ka buɗe, kowane maɓalli umarni ne, ba rubutu ba. Sai ka danna i kafin ta karɓi rubutu, in ka gama ka danna Esc ta koma jiran umarni. Daga nan :wq ya adana ya fitar da kai, :q! kuma ya fitar da kai ba tare da adanawa ba. Rubuta su a takarda ka manna a bango. In layi ɗaya kawai za ka gyara, buɗe nano, wata manhajar rubutun ce mai sauƙi, ita umarninta a jere suke a ƙasan allo, babu abin kunya.

Akwai dalilin da ya sa take haka. Kakarta vi ce, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976 a jami'ar Berkeley ta Amurka. Na'urarsa, ADM-3A, ba ta da maus, kibiyoyin ma a jikin h, j, k da l aka zana su, ga layin sadarwa mai tafiyar hawainiya. Dole kowane umarni ya zama gajere.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne umarnin yana haɗuwa kamar magana. Harafin d gogewa ne, w kalma, to dw ta goge kalma, d3w ta goge uku. Ɗigo guda ya maimaita abin da ka yi na ƙarshe, u ya dawo da abin da ka ɓata. Ba hadda dubu ba ce, 'yan kalmomi ne kake haɗawa. Aikina kullum a kan manyan kwamfutoci ne da ke wani gini can nesa, ban taɓa ganinsu da ido ba, baƙin allo kawai nake samu, kuma kusan kowace na shiga vi na nan tana jira. Makonni biyun farko aikin minti biyar yana cin min rabin awa, kafaɗuna har ciwo suke. Wajen wata na uku, wata safiya na lura na gyara fayil gaba ɗaya hannuwana ba su bar kibod ba, idona bai sauka ƙasa ba.

Baba, kai ka fi kowa sanin wannan. Ina tuna sabon yaro in ya zo shago, ba ka ba shi yadi. Kwanaki yake yi yana taka keke babu zare, tana juya masa baya yana sake tayarwa, har ƙafa ta gane da kanta. Don Allah ka faɗa wa Auta da bakinka, zai fi ji daga gare ka.

Auta, wasiƙar nan ma a cikin Vim nake rubuta ta. Kibod ɗin nan ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Da farko sai na danna Ctrl da v, sannan u0199, kafin ƙ ɗaya ta fito. Yanzu na ɗaura kowace a kan maɓalli biyu cikin .vimrc, fayil ɗin da ake saita Vim da shi, zan turo maka shi.

Wanda ya gina Vim ɗan ƙasar nan ne, Bram Moolenaar. Ya fitar da ita a 1991, ya yi ta kula da ita har rasuwarsa a Agustan 2023. Kyauta ya bayar. Abin da ya roƙa kawai, wanda ya ji daɗinta ya taimaki yara marasa galihu a Kibaale ta Uganda, kuma shekara da shekaru roƙon ne ke fara bayyana in ka buɗe ta. Jiya da nake fitar da zakkar kono ya faɗo min a rai.

Auta, ka je kallon Hawan Daushe, ka ɗauko min hotuna. Bayan nan ka rubuta vimtutor ka danna Enter, darasin rabin awa ne. Yi shi kwana uku a jere, ranar Asabar bayan la'asar ɗinku zan kira mu bi shi tare.

Goron Sallah na hannun Yaya, har da na Gwaggo. A gaida mutanen layi da yaran shago. Umma, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.