Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Shari'a: A Fito Mana Da Rahoton Salami

Zuwa ga Mai girma Antoni Janar na Tarayya kuma Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, SAN.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah Ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da ka ɗauka, na rubuto ne a kan wata takarda da ta daɗe a kulle a hannun gwamnati, wato rahoton kwamitin Mai shari'a Ayo Salami.

Ka fi ni sanin labarin, amma bari in maimaita shi yadda mu talakawa muka gan shi daga nesa. A watan Yulin 2020 jami'an tsaro suka tare Ibrahim Magu a Abuja, yana muƙaddashin shugaban hukumar EFCC, suka wuce da shi fadar shugaban ƙasa gaban kwamitin bincike na Mai shari'a Salami. Wanda ya riga ka zama a wannan kujera, Abubakar Malami, shi ne ya rubuta ƙorafin da ya jawo binciken, kuma cikin zarge-zargen har da batun yadda aka yi da kadarorin da hukumar ta ƙwato. Kwamitin ya yi watanni yana zama ƙofa a rufe, sannan ya miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari rahotonsa a Nuwamban wannan shekarar. Daga nan shiru. Gwamnatin ta ƙare wa'adinta ba ta wallafa rahoton ba, ba ta kuma gurfanar da Magu a kotu ba. A 2022 sai muka ji an ƙara masa girma zuwa Mataimakin Sufeto Janar na 'yan sanda, ya yi ritaya.

To, ranka ya daɗe, me ake so mu ɗauka? In mutumin nan ya ci amana, ƙarin girman na mene ne? In kuwa bai ci ba, an zalunce shi, domin an bar sunansa da tabo alhali takardar da za ta wanke shi tana nan a ajiye. Ko ta wace fuska aka duba, akwai wanda aka danne wa haƙƙi, kuma jama'ar da aka yi binciken da kuɗinsu su ma suna da haƙƙin su sani.

Da abin ya tsaya a kan Magu, da an ce tsautsayi ne. Abdulrasheed Bawa ya gaje shi a 2021, matashi kuma ɗan cikin gida da ya taso a hukumar, mutane da yawa suka sa rai. Ranar 14 ga Yunin 2023 aka dakatar da shi bisa abin da gwamnati ta kira manyan zarge-zarge na amfani da ofis ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar DSS ta riƙe shi fiye da wata huɗu, aka sake shi a ƙarshen Oktoba ba tare da an karanta masa tuhuma ko ɗaya a gaban alƙali ba. Ƙarshen tsarewar nan ya faɗo ne a lokacin da kai kanka kake ofis, a matsayin babban jami'in shari'a na ƙasa. Waɗanda suka gabace su ma babu wanda ya sauka lami lafiya. Nuhu Ribadu, a ƙarshen 2007 aka ɗauke shi aka tura kwas a Kuru, 'yan makonni bayan ya kama James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta. Wata kotun tarayya a Asaba ta kori tuhume-tuhume 170 da ake yi wa Ibori a 2009, amma a 2012 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 13. Farida Waziri a 2011 aka sallame ta, Ibrahim Lamorde a 2015.

Ga abin da wannan tarihi ya haifar a zukatan mutane. Duk ranar da EFCC ta kama wani babba, je ka wurin mai shayi ko tashar mota ka saurara. Ba za ka ji ana tambayar nawa ya sata ba. Abin da za ka ji shi ne, "Wa ya taka?" ko "Ai sun ɓata ne da na sama." Shi kuma wanda aka kama, kafin ya ga lauyansa ya riga ya aika wa gidajen rediyo cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ake yi masa, kuma sai a gaskata shi ko da hujjar da ke kansa ta kai tudu. Ɓarawon gaske ya samu mafaka ke nan. Mutane sun saba jin cewa mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, amma ba a taɓa nuna musu ƙarshen maganar ba, don haka suka daina bambance jami'in kirki da na banza. Wannan ya fi ba ni takaici, domin a cikin hukumar akwai matasa masu bin diddigin asusun banki dare da rana, suna fuskantar barazana, kuma shirun manya ne yake zubar da mutuncin aikinsu.

Ofishinka ma yana da nasa kason a wannan rashin yarda, kuma ina faɗa ne da girmamawa. Sashe na 174 na kundin tsarin mulki ya ba Antoni Janar ikon karɓe kowace shari'ar laifi ta tarayya, da ikon janye ta kafin a yanke hukunci. Sashen ya ce a yi hakan ne da la'akari da maslahar jama'a da adalci. Mutanen Arewa ba su manta da 2019 ba. A watan Yuni Sanata Danjuma Goje ya janye wa Ahmad Lawan daga takarar shugabancin Majalisar Dattawa bayan ganawa da shugaban ƙasa. Kusan nan take shari'ar da EFCC ta shafe shekaru tana yi da Goje a kotun tarayya da ke Jos ta koma hannun ofishin Antoni Janar, kuma a watan Yuli aka janye ragowar tuhumar. Ban ce an yi ciniki ba, kuma kotu ba ta taɓa samun Sanatan da laifi ba. Amma da yake ba a zauna an yi wa jama'a gamsasshen bayani ba, kowa ya haɗa lissafinsa da kansa. Haka aka yi a Afrilun 2022, lokacin da aka yi wa Joshua Dariye da Jolly Nyame afuwa, tsofaffin gwamnoni biyu da hukumar ta bi shari'arsu fiye da shekara 10 har Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsu. Ka yi tunanin mai gabatar da ƙara da ya tsufa a kan fayil ɗin nan, da shaidun da suka sa rayuwarsu a haɗari.

Sai kuma abin da ya faru a zamanin wannan gwamnati. A Janairun 2024 aka dakatar da Ministar Jin Ƙai, Betta Edu, kan takardar da ta umarci a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya. Mutane sun yaba da saurin matakin. EFCC ta ce ta ƙwato fiye da naira biliyan 30 a binciken da ya shafi ma'aikatar. Kuɗin nan fa na marayu ne da zawarawa da 'yan gudun hijira, irin mutanen da ke kwana a layi saboda tallafin da bai kai kuɗin buhun masara ba. A Oktoban shekarar aka naɗa wani a kujerar, ba tare da an karanta wa ƙasa sakamakon binciken ba. Hanyar da aka bi da Magu da Bawa ce dai aka sake bi.

Ba zan ƙi faɗin alheri ba. Ƙwace rukunin gidaje 753 a Abuja da kotu ta mallaka wa gwamnati a Disamban 2024 babban aiki ne. Haka nan sanarwar da hukumar ta yi da bakinta cewa ta kori jami'anta 27 a 2024 saboda rashin gaskiya ta ƙara mata daraja a idona, domin ta nuna za a iya faɗa wa jama'a magana mai ɗaci ba tare da sama ta faɗo ba. Irin wannan muke nema a kan manya.

Roƙona na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne ka shawarci Shugaba Bola Tinubu ya saki rahoton Salami tare da matsayar gwamnati a kansa. In akwai sunayen shaidu da ake tsoron jefa su cikin haɗari, a rufe sunayen a saki sauran. A kuma faɗa wa ƙasa abin da aka samu a kan Bawa, ko a fito fili a ce ba a samu komai ba, ya san matsayinsa, 'ya'yansa su san matsayin mahaifinsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, bai kamata sai ƙungiyoyi sun yi ta safa da marwa a kotu kafin a ba su abin da yake nasu ba.

Na biyu ya fi wuya, amma a nan tushen cutar yake. Dokar EFCC ta 2004 ta ba shugaban ƙasa damar cire shugaban hukumar a duk lokacin da ya ga hakan ya dace da maslahar jama'a, shi kaɗai, ba sai ya tuntuɓi kowa ba. Dokar ICPC, ɗaya hukumar yaƙi da cin hanci, kuwa ta ce sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa sun goyi baya. Mutumin da ya san takarda ɗaya daga fadar shugaban ƙasa za ta iya raba shi da kujerarsa kafin la'asar, yaya zai yi ya binciki na kusa da fadar? Ko ya yi niyya, jama'a ba za su yarda ya yi ba. Ofishinka ne ke tsara ƙudirorin da ɓangaren zartarwa ke aika wa majalisa. Ka kai ƙudirin da zai ba shugaban EFCC irin kariyar da na ICPC yake da ita, a kuma rubuta a ciki cewa duk shugaban da aka zarga, a bincike shi cikin ƙayyadadden lokaci, a wallafa sakamakon, in da laifi a kai shi kotu a bainar jama'a kamar kowa.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar majalisa ko sa hannun shugaban ƙasa. Duk lokacin da za ka yi amfani da sashe na 174 ka karɓe ko ka janye shari'ar almundahana da ta shafi mai riƙe da muƙami, ka rubuta dalilanka ka wallafa su, a fassara su zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo a karanta a rediyo. Wannan a hannunka yake, kana iya fara shi daga shari'a ta gaba da za ta zo teburinka.

Allah Ya taimake ka, Ya ba ka ikon sauke amana.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Zariya.