Gyaran 'yan sanda daga ofishin shugabansu yake farawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a shafinku na wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina game da yadda jama'a suke yanke ƙauna daga rundunar 'yan sandan ƙasarsu. Duk lokacin da wannan magana ta taso, kurtun da ke tsaye a shingen bincike ake ɗora wa laifi, alhali a nawa ganin an bar jaki ne ana dukan taiki.

Shekarun baya an yi mini sata, na tafi ofishin 'yan sanda domin kai rahoto. Jami'in da na tarar a kan kanta ya saurare ni da ladabi, ya rubuta bayanina a babban littafin da ke gabansa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce sai na kawo kuɗin man mota kafin a bi sawun kayan. Da ya ga na yi turus, sai ya sassauta murya ya ce kada in ga laifinsa, domin shi ma akwai mai jiran kasonsa a sama. Ban sake komawa ba, kuma da aka yi wa wani abokina irin wannan satar, ni da bakina na ce masa kada ya wahalar da kansa. Daga baya na gane cewa asarar ta fi ƙarfin kayana, domin aikin ɗan sanda da bayanan jama'a yake tafiya, kuma duk wanda ya daina kai rahoto ko ya ƙi tsayawa shaida a kotu, ya ƙara wa ɓarawo kwanciyar hankali.

Abin da ya faru a Hong Kong ya isa misali. A shekarar 1973 aka gano cewa wani babban jami'in 'yan sanda Bature mai suna Peter Godber ya tara dukiyar da ta haura dalar Hong Kong miliyan 4, wadda albashinsa ba zai taɓa kawo ta ba. Ana cikin bincike ya sulale ya gudu Ingila, jama'a kuwa suka fito zanga-zanga, domin kowa ya san cewa da ƙaramin ma'aikaci ne da bai kai filin jirgin sama ba. Gwamna Murray MacLehose ya fahimci cewa sashen binciken cin hanci da ke cikin rundunar ba zai iya kama iyayen gidansa ba, saboda haka a 1974 ya kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICAC mai cin gashin kanta, wadda ba ta ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda. An dawo da Godber a 1975, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 4. Abin bai tafi salin-alin ba, domin a 1977 'yan sanda sun yi bore, wasunsu har suka kutsa ofishin hukumar, gwamnan ya yi afuwa ga akasarin laifuffukan da aka aikata kafin shekarar. Wasu na ganin wannan ja da baya ne, kuma ni ma afuwar ba ta kwanta mini a rai ba, sai dai hukumar ta ci gaba da aiki har yau, kuma kurtu ya ga cewa mai manyan taurari a kafaɗa ma yana shiga kurkuku.

A Afirka ta Kudu, Jackie Selebi ya taɓa zama shugaban 'yan sandan ƙasa baki ɗaya, kuma ya riƙe shugabancin Interpol, wato hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, amma a 2010 kotu ta same shi da laifin karɓar kuɗi daga hannun wani dillalin miyagun ƙwayoyi, ta yanke masa ɗaurin shekara 15. Waɗanda suka bincike shi su ne jami'an sashen Scorpions, wanda ke ƙarƙashin hukumar gabatar da ƙara, wato a wajen rundunar. Abin takaici, an rusa sashen a 2009 tun kafin a kammala shari'ar, aka maye gurbinsa da wani da ke cikin rundunar 'yan sanda.

Sauya suna kuwa shi ne mafi arha a cikin dabarun hukumomi. A Najeriya an sanar da rusa SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi da makami da jama'a suke zanga-zanga a kansa, ranar 11 ga Oktoba, 2020, bayan kwana biyu aka sanar da kafa sabon sashe mai suna SWAT a madadinsa, kuma masu zanga-zanga ba su bar tituna ba saboda sanarwar.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙaramin jami'i yana kallon wanda aka yi wa ƙarin girma da wanda aka tura wurin aiki mai maiƙo, yana kuma ganin abin da ya sami abokin aikinsa da ya ƙi karɓar na goro, kuma wannan ya fi duk abin da aka koya masa a kwalejin horarwa tasiri a kansa. Saboda haka ina ganin wajibi ne manyan jami'ai su riƙa bayyana kadarorinsu ga hukumar da ba su da iko a kanta, a kuma fitar da sharuɗɗan ƙarin girma da sauyin wurin aiki a fili. Albashi mai kyau a kan lokaci da kuɗin gudanar da ofis su ma dole ne, domin ofishin da ba a ba shi kuɗin mai ba daga aljihun mai ƙara zai nema.

Roƙona gare ku shi ne, idan rundunar 'yan sanda ta gabatar wa manema labarai wani kurtu da aka tuɓe wa kaki saboda karɓar cin hanci, wakilanku su tambayi wane ne shugaban ofishin da yake aiki, tun yaushe yake riƙe da ofishin, koke nawa aka kai a kansa, kuma wane mataki aka ɗauka a kan shugaban shi kansa.

Wassalam,
Naku mai bibiyar jaridarku a kullum.