A riƙa ƙirga itacen da ya tsallake rani

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka mu yi tsokaci kan aikin masana muhalli a Jihar Katsina, musamman a Daura, Zango, Baure da Mai'adua, inda rairayi ke cin gonaki.

A da, aikin masanin muhalli bai wuce auna ƙasa, rubuta rahoto da raba dashe ranar biki ba. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin ganuwar itatuwa na Afirka, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, kuma dashe ana ta rabawa. Matsalar ita ce ana ƙirga abin da aka sa a ƙasa a watan Agusta, ba a komawa a watan Mayu a ga nawa suka rayu.

Dalilan mutuwar dashe sanannu ne. Daminar nan ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. In aka dasa a ƙarshen Agusta, ruwa zai ɗauke kafin saiwa ta nutsa. Farkon Yuli ya kamata, da zarar ƙasa ta jiƙu, a rami mai zurfi da faɗin santimita 30, a zuba ruɓaɓɓen taki, domin ɗanye yana jawo gara. Wasu ma ba sa yage ledar da dashen ya zo a ciki, sai saiwa ta nannaɗe a ciki. Bayan girbi kuma a saki awaki, dashen da ba a kewaye da ƙaya ba ya zama abincinsu.

Aikin da muke ganin ya fi dacewa da masana yanzu shi ne shiga gona tare da manomi a raya kututtura. Kalgo, sabara, magarya da gawo da ake sassabewa duk shekara, saiwarsu na raye a ƙasa. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya yanke sauran da kaifaffen lauje daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage, ya ɗaura tsumma a matsayin shaida, ya riƙa komawa gyara bayan 'yan watanni. Ba ban ruwa, ba sayen iri. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun fara haka a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta hanyar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana, ga taki a ƙarƙashinsa.

Sai dai manomi ba zai raini itacen da wani zai sare da dare ba, ko wanda za a ce sai ya nemi izini kafin ya taɓa reshensa. Don haka muna kira ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha ta tura masana su zauna da hakimai, dagatai da shugabannin makiyaya a tsara wa ke da itacen gona da tarar wanda ya sare, sannan a riƙa biyan 'yan kwangilar dashe bayan ƙirgar watan Mayu.

Daga wasu tsofaffin malaman daji, Daura.