A auna makuba da laso kafin masu sanin haɗinsu su ƙare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da buhun siminti ya ƙara kuɗi, jaridarku kan cika da koke-koken masu gini, amma ba kasafai nake ganin an tambayi abin da magina suke haɗa gini da shi kafin zuwan simintin ba. Shi ya sa na ce bari in sa baki, don masana a ƙasashen waje sun daɗe da komawa kan wannan tambaya, kuma ba don son tarihi kawai ba. Masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma shi kansa dutsen yana sakin iskar yayin da yake ƙonewa.

A birnin Rum akwai ginin Pantheon, wanda aka kammala wajen shekara ta 126 miladiyya. Faɗin ƙubbarsa ya haura mita 43, babu rodi ko ɗaya a cikinta, kuma tana nan tsaye. Rumawa suna cuɗa ƙonanniyar farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta da suke ɗebowa daga yankin Pozzuoli na ƙasar Italiya. A 2023 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka duba wasu fararen gudaje da ke cikin kankaren Rumawa, waɗanda a da ake ɗauka sakacin leburori ne wajen kwaɓi. Ashe su ne maganin tsagewa: in bango ya tsage ruwa ya shiga, sai gudan ya narke, ya sake daskarewa ya toshe tsagar. A ƙasar Sin kuwa, zamanin daular Ming, kunun shinkafa mai danƙo ake zubawa cikin farar ƙasa a gina ganuwa da kaburbura. Mutanen Maya na Copán, a Honduras ta yau, ruwan ɓawon itatuwa suke sawa, a kudancin Indiya kuma mazarƙwaila.

To, mu fa? Maginan ƙasar Hausa suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. A jiƙa ta, ruwan ya yi ja ya yi duhu, mata su riƙa yayyafa shi suna bugun daɓe da madaɓi har ƙasa ta yi tauri tana sheƙi. Ana kuma shafe bango da ita don kada ruwan damina ya cinye shi. Sai laso, wanda a ganina shi ya fi cancantar a kira shi simintinmu. Katsi ne tushensa, wato laka da tokar da ke kwantawa a gindin rijiyar rini. A kwashe, a shanya, a ƙona, a daka. Sannan a haɗa da gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatar akuya da maiƙonsa, a zuba ruwa mai yauƙi na dafara, wani tsiro mai yaɗo. Gashin yana hana tsagewa, maiƙon yana korar ruwa, dafara tana riƙe haɗin. Da shi ake yaɓe rufin soro da bakin indararo, da shi ma ake lulluɓe cikin rijiyar rinin kanta, wadda ruwa ke kwana a ciki wata da watanni. Abin da marini da majemi suka zubar shi magini ke tsincewa, babu abin da ke tafiya a banza.

Kada a ɗauka cewa nake a zuba ginshiƙin bene da makuba. Wanda ya gwada haka ya sayi rigima, kuma gine-ginen da ke rushewa a biranenmu sun ishe mu darasi kan wasa da ma'auni. Gaskiya ne kuma ginin ƙasa yana son gyara duk 'yan shekaru, ga rijiyoyin rini sun ragu, katsin ma ba zai wadaci gari guda ba. Amma siminti nawa ke ƙarewa a filasta, daɓen tsakar gida da katangar gidan da ba bene ba? A nan ne tsohon haɗi zai rage kashe kuɗi, ɗaki kuma ya yi sanyi a watan Afrilu. Ga buntun shinkafa jibge a bayan injinan casa a Kano da Kebbi, alhali tokarsa, in an ƙona shi yadda ya kamata, tana iya maye gurbin wani kaso na siminti kamar yadda tokar Pozzuoli ta yi wa Rumawa aiki.

Abin da ya rage shi ne ma'auni. Tsohon magini da ido da tafin hannu yake gane kwaɓi ya yi, injiniya kuwa ba zai sa hannu a takarda ba sai ya ga lamba. Ina roƙon sassan koyar da gine-gine na jami'o'inmu, da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, su zauna da Sarakunan Magina na Kano, Zariya da Katsina, su rubuta mudu nawa na katsi ke shiga gashi nawa, su gwada ƙarfinsa, su fitar da ƙa'idar da ɗan kwangila zai bi. Ku ma, Edita, ku tura wakilinku marinar Ƙofar Mata da majemar Kano ya yi hira da dattawan da suka taɓa kwaɓa laso da hannunsu, ku buga mana haɗin dalla-dalla.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya