Zuwa ga Uwata, a kan waƙoƙin nan naki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angon nan namu. Mu nan sai godiya. Mamarku ta ce in gaya miki ƙafar ta yi sauƙi, kada ki ɗaga hankalinki.

Ƙaninki ya buɗe mini waƙoƙin da kika sa a Facebook, na sa tabarau na bi su a tsanake. Na kuma ga abin da kika rubuta a ƙarƙashin ta ƙarshe, wai tunda kika yi aure girki da wanki da raino sun cinye miki lokacin waƙa. Maganar nan ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba kya bari mutum ya kai aya.

Uwata, waƙar matan Hausawa a bakin aiki ta girma. Kakarki da kika ci sunanta, Allah Ya jiƙanta, da asuba take durƙusawa gaban dutsen niƙa, ta ɗebo dawa da hannun hagu ta zuba, ta danna ɗan dutse, jikinta na gaba yana baya. Muryarta tana bin tafiyar hannun ne, in ta tura ta ja amo, in ta dawo ta sauke shi. A nan take yabon iyayenta, a nan take sakar wa abokiyar zamanta habaici, ita kuma tana ɗaki tana ji, ba damar ta tanka tunda ba a kama suna ba. Ranar biki kuwa mata uku ke haɗuwa a turmi ɗaya suna lugude, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, ba wadda take karo da wata. Injin niƙa ya hutar da ku, ban ce a koma dutse ba, na ga yadda yake kumbura tafin hannu. Amma da dutsen ya tafi, waƙarsa ta bi shi.

Ko a rubutacciyar waƙa haka abin yake. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, ga 'ya'ya ga hidimar babban gida. A cikin wannan hali ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa jajis, wato malamai mata shugabanni, ta ɗora musu malfa, suna jagorantar 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka, su zo su haddace baitoci su koma su koya wa 'yan'uwansu mata. Don a rera a tsakar gida ta tsara su, shi ya sa suka zauna a ka.

To, a nan naki suke da gyara. Kina da ido, kina da kalmomi, amma ba kya sauraron abin da kika rubuta. Waccan ƙwar biyar ɗin da kika yi wa damina, mai ɗango biyar, wato layi biyar, a kowane baiti, amsa-amonta ya zauna daram, sai dai ɗango na uku a baiti na biyu ya fi 'yan'uwansa tsawo. Na gwada rera shi, numfashina ya ƙare ban kai ƙarshensa ba. Karin waƙarmu a kan nauyin gaɓa yake, wata mai nauyi wata marar nauyi, kuma kunne ne alƙalinsa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa, ga shi har yau ana rera su. Saboda haka duk baitin da kika yi, ki rera shi kina tankaɗe ko kina jijjiga yaro a baya. Inda harshenki ya harɗe, ki koma ki gyara.

Sai kuma abin da ya fi damuna. Akwai baitoci biyu da na san da wa kike, kuma in ni na gane, dangin mijinki ma sun gane. Habaicin kakarki a tsakar gida yake tashi, a nan yake mutuwa kafin a sauke koko. Naki kuwa ya shiga wayar mutanen da ba su san ki ba, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya adana. Ki cire su. In wani abu ne ke ci miki tuwo a ƙwarya, ki kira mamarku ku yi magana.

Ga aikin da na ba ki. Gwaggonki Babba ce kaɗai ta rage a gidanmu da ta riƙe waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, kuma ƙarfinta yana raguwa. In kun zo Sallah ki ware mata yini guda, ki tafi da goro da turare, ki kunna wayarki ki ɗauki muryarta. Kada ki ce ta yi miki waƙa, kunya za ta ji. Ki tambaye ta labarin aurenta, da kanta za ta ɓarke. In kin rubuta, ki bar su da bakinta, kada ki mayar da su Hausar makaranta.

Mamarku ta ba direba kuka da daddawa da ɗan man shanu, ki aika a karɓa a tasha ranar Asabar. Ki gaida maigidan naki, ki ce masa ina jiran amsar maganar filin nan. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam,
Babanki