A riƙa gwada direba tun a tasha, kafin a yi lodi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da mu masu yawan bin hanyar Abuja zuwa Kaduna muke gani muna kau da kai, wato direban da ya kurɓi barasa kafin ya kama sitiyari.

Wanda ya yi tatil yana tangaɗi ba shi ne damuwata ba, domin ko 'yan kamasho ba za su yarda a yi masa lodi ba. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai shan barasar leda ɗaya ko biyu. Za ka gan shi da sanyin safiya ya zaga bayan rumfa wajen mai tire, ya fasa ledar da haƙori, ya tsotse, ya jefa goro a baki don ya kashe wari. In ka yi magana ya ce ai maganin ciwon baya ne, ko na basir, ko kuma sanyi yake kora. Ga shi tsaye daram, magana ba sarƙewa, lissafin canji daidai. Wa zai ce ya sha?

To amma barasa ba da ƙafa take farawa ba. Sashen ƙwaƙwalwa mai auna haɗari da tsawata wa mutum shi take fara kwantarwa, shi ya sa mai ita yake jin idonsa ya buɗe, hannunsa ya faɗa, alhali akasin haka ne ke faruwa. Tazarar da jiya zai ce ba ta isa ya wuce tirela ba, yau sai ya ga ta isa har da saura. Ganinsa na gefe ya ragu, hasken fitilar motar da ke tahowa da dare ya daɗe bai bar idonsa ba, ƙafarsa kuma ta yi jinkirin barin totur ta koma birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa ɗaya ta jinkiri ke nan ta isa a tarar da akuya, ko rami, ko yaro mai talla. Na ɗan acaɓa ya fi muni, tunda shi har daidaiton jikinsa yake buƙata.

Kuma a daina yaudarar kai da goro, kofi ko watsa ruwan sanyi. Hanta ce ke tace barasa daga jini, a hankali take aikinta, ba kuma a yi mata gaggawa. Wanda ya sha da yawa cikin dare yana iya wayar gari da saura a jininsa.

Dokoki dai akwai su. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta tsayar da iyakar barasa a jinin direba a kan kashi 0.05 cikin ɗari, kuma tun farkon 2024 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe, ko da yake an yi ta ja-in-ja a kai, ledar kuwa ba ta ɓace daga tashoshi ba. Mu nan Arewa muna da ƙarin matsala: da yake haramun ce, kowa sai ya nuna babu ita, masu wa'azi su tsaya kan zunubinta, ba mai zancen fasinja goma sha takwas da ke bayan mai shan.

Roƙona ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, shi ne ta kai na'urar gwajin numfashi cikin tasha, a hura kafin mota ta tashi, ba sai an tare ta a Tafa ko Jere bayan ta riga ta yi nisa ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW kuwa sun san masu sha ɗaya bayan ɗaya, sun san mai sayarwa. Su cire direban daga layi na wannan rana, a mayar wa fasinja kuɗinsu ko a sauya musu mota.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Suleja, Jihar Neja