Ƙarfin murɗa ke fizgar mota, ba rugugin salansa ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Matasan makanikanmu sun ƙwallafa rai a kan bidiyoyin tsofaffin motocin Amurka irin su Chevelle da Camaro na ƙarshen shekarun 1960, sai dai yawancinsu adadin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji da ake kira horsepower, kawai suke tambaya. A ba mu fili mu gyara wannan. Abin da ke fizgar mota mai nauyi daga tsaye shi ne ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da inji ke juya ƙafafun mota da shi, kuma tun inji bai hau sama ba ake buƙatarsa.

Mu ɗauki injin Chevrolet 350 (lambar girman cikin silindoji ce a ma'aunin inci), mai lita 5.7. Faɗin silindarsa inci 4.00, tafiyar fistin inci 3.48. In aka buɗe silinda zuwa 4.030, aka sa kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, mai tafiyar 3.75, ya zama 383, kusan lita 6.3. Doguwar tafiyar nan ce tushen ƙarfin, amma tana zuwa da nata aikin: kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf, kan daki gindin bulok, wani lokaci har kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. Dole a yi haɗin gwaji, a juya da hannu, a goge duk inda ya taɓa har a sami ratar inci 0.060. In kuma kiranshaf na injin 400 aka ɗauko, a waje ake daidaita nauyinsa, don haka sai da damfa da fulawil irin nasa, wato faifan da ke gaba da na bayan kiranshaf. Wanda ya bar na 350 zai sha jijjiga, mital, shimfiɗun ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansu, kuma su cinye cikin ɗan lokaci. Ratar mital a auna ta, kusan inci 0.0025, kada a yi ƙiyasi da ido.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne kamshaf. Ana sayen babba saboda gurnaninsa yana da daɗi a kunne, alhali yana barin bawul a buɗe ya daɗe, matsi ya zube a ƙaramin juyi, mota ta yi lagwas a tashi. A ganinmu matsakaici ya fi, mai barin bawul a buɗe na digiri 218 zuwa 224 na juyin kiranshaf, da matsin silinda kamar 9.5 bisa 1, da kafireto mai cfm (ma'aunin iskar da yake shaƙa a minti) 650 zuwa 750. In tafet ɗinsa, ƙarafunan da kamshaf ke turawa su buɗe bawul, masu shafaffen gindi ne, tashin farko a riƙe inji tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti na minti 20 zuwa 30, da baƙin mai mai sinadarin zink. In aka bar shi yana silo, mai ba ya watsuwa ya isa kamshaf, duwatsunsa, wato tudun da ke tura tafet, su goge tun ranar.

Sai giya, wadda ita ke fara mutuwa. A cikin giyoyin otomatik, TH400 ta fi juriya, amma giya uku ce kawai. 700R4, wadda ta fito a 1982, tana da giya ta ɗaya mai 3.06 da ta huɗu mai 0.70, ga tashi ga sauƙin mai a doguwar hanya. Rauninta wayar da ake kira TV, wadda ke haɗa giya da totur a jikin kafireto. Ba wayar kikdawun, mai sauko da giya in an take totur, ba ce kawai, ita ke sarrafa matsin man giya. In ta yi sako-sako, kulocin giya ta uku da ta huɗu zai yi ta sulɓewa har ya ƙone, wani lokaci a tafiya ɗaya. A sa ma'aunin matsi a saita ta kafin mota ta fita titi. Kwanbata, wadda ke haɗa inji da giyar otomatik, mai kamawa a juyi 2,200 zuwa 2,500 ta isa wannan kamshaf, a kuma ƙara wa man giya lagiretonsa daban, domin zafi ne ajalinsa.

Aksul na baya mai ƙusoshi 12 ya fi mai ƙusoshi 10 na wancan zamani ɗaukar wannan ƙarfi, da giyar ciki 3.42 ko 3.73.

Wassalam,
Wasu masu gyaran inji, Kano